Kada Mai Gwangwan Ya Riga Ku

Ƙannena da 'ya'yana na unguwar Hanwa a Zariya, maza da mata,

Ranar Juma'a, 11 ga Agustan 2023, ana tsakiyar sallar La'asar, wani ɓangare na tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta kan masallata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Masallacin nan aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azara ya ɗaga bakan-gizo da ɗaurin gugan da masana gini suka riƙa tasowa daga nesa don su gani. Tun shekaru masu yawa kafin wannan rana, wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ciki da waje, ya zana shi, har aka gina irinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Saboda haka ko da gini ya samu rauni, ilimin yadda aka ɗaga shi yana nan a takarda.

Wannan fa masallacin Sarki ke nan, wanda duniya ta san da zamansa. To ina ga abin da ba wanda ya taɓa aunawa? Zauren da aka rushe a layinku aka jera shagunan bulo a gurbinsa, wa ya ɗauki hotonsa? Tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin yaran unguwa, wa ya zauna ya tambaye ta yadda ta tarar da Hanwa ranar da aka kawo ta amarya?

Na ga abin da zan faɗa muku da idona, kuma na san ku ma kun gani. Tsohuwa ta rasu, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi rabon gado. Katifa da zannuwa masu kyau sun samu masu so. Saura tarkacen ƙuryar ɗaki: tasar tagulla da ta yi baƙi, kumbo mai murfi, dutsen guga na gawayi, fitilar aci-balbal, mazari da guntun allinsa, da wani ƙunshin takardu naɗe cikin tsumma. Sai ga yaro mai gwangwan ya turo kurarsa yana kira. Ya ɗaga tasar, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ji ƙararta, ya rataya ta a sikeli, ya faɗi kuɗi. Bai tambayi ta wace ce ba, kuma ba laifinsa ba ne, nauyi ya zo saye, abincinsa yake nema. Tasar da aka yi wa tsohuwa jere da ita tun ana kashe sule da sisi ta tafi wurin narkewa. Takardun kuwa, in an ga rubutun ajami ne, akan ƙona su don girmamawa ba tare da an nemi mai karantawa ba. In na boko ne, sai a tsince su a hannun mai ƙosai.

Roƙon da nake muku ke nan: ku samo ɗaki guda a Hanwa, ku mai da shi gidan tarihin unguwa. Zauren wani dattijo da ba a zama a cikinsa, ko shagon da ya daɗe a rufe, ko wani aji a makarantar unguwa in hukumarta ta yarda. Ɗaki guda, ƙofa mai kyau, rufin da ba ya yoyo.

Na san abin da ke zuwa muku a rai in an ce gidan tarihi. Gidan Makama na Kano, da Gidan Ɗan Hausa, da Arewa House na Kaduna da Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a gidan da Sardauna ya zauna, da babban gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Ku je ku gan su, duk wanda ya samu hali. Amma ku lura da abin da ke ciki: sarakuna, yaƙe-yaƙe, manyan 'yan siyasa, da abubuwan da aka tono daga ƙasa. Aikinsu ke nan, kuma suna yin sa. Tarihin Zazzau na sama ba ya cikin haɗarin ɓacewa. Kowane ɗan firamare ya ji labarin Bakwa Turunku da Amina, ya ji Kufena, ya ji zuwan Malam Musa da tutar jihadi. Wanda ke zubewa kullum shi ne na ƙasa: su wa suka fara sarar daji suka kafa gida a nan, gonar wa aka yanka aka yi filaye, ina maƙerun suke a Hanwa Maƙera, su wa suka fara tarewa a Lokos, daga wace rijiya ake shan ruwa kafin famfo, yaya rafin Kubanni yake cika a damina a wancan zamani. Ba jami'in da za a turo daga Abuja ya tattara muku wannan. In ba ku yi ba, ba mai yi.

Akwai wata unguwa a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu da ake kira District Six. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ce daga ranar unguwar ta Turawa ce zalla, aka kwashe mutane fiye da 60,000, aka bi gidajensu da katafila. A 1994 tsofaffin mazauna unguwar suka buɗe gidan tarihi a cikin wata tsohuwar majami'a. Babban abin da suka sa ba zinariya ba ce. Taswirar unguwar suka shimfiɗa a daɓen ɗakin, kowa ya zo ya durƙusa ya rubuta sunan gidansu a daidai inda yake a da. Suka rataya allunan sunayen tituna da wani ma'aikacin rusau ya ɓoye maimakon ya zubar. Mu alhamdulillahi ba a kore mu daga unguwarmu ba, amma siminti da sayar da filaye da mutuwar tsofaffi suna share ta a hankali. Wannan dabara ta taswira ku ara. Ku zana Hanwa a babban kwali ko farin yadi, ku kira dattawa su nuna da bakin sanda: nan kuka take, nan marina, nan makarantar allo ta farko. Za ku ga gardama ta tashi tsakaninsu, kuma a cikin gardamar ne za ku ji abin da ba za su taɓa faɗa ba in ɗaya-ɗaya kuka same su.

Kuma kada ku fara da tara kaya. Ku fara da bakin mutane, domin shi ne ya fi saurin tafiya. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a Giwa, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya da ake kira Baba, mutuniyar Karo, tana rubuta abin da take faɗa. Baba ba 'yar sarki ba ce, ba ta yi boko ba. Labarin aurenta ta bayar, da na ƙawance, da suna da biki, da harin masu kama bayi, da zuwan Turawa kamar yadda matan cikin gida suka gan shi. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da baƙuwar nan ta yi jinkirin shekara biyu, da shi ke nan. Abin da ke sosa mini rai shi ne, a kowane lungu na ƙasar Zazzau akwai irin Baba, kuma jikokinsu na riƙe da wayar da za ta ɗauki muryarsu garau, amma ba a tambaya.

Tambayar tsoho kuwa tana da ladabinta. Ba a faɗa masa da waya a tsaye kamar ɗan jarida. Ka je ka durƙusa ka gaida shi, ka faɗi ɗan gidan wa kake, ka kai ɗan goro ko sabulu, ka bayyana abin da ya kawo ka, ka nemi izinin ɗaukar murya. Ranar farko wataƙila gaisuwa kawai za a yi. Kada ka ce, "Baba, ba ni tarihin Hanwa," don zai ce maka shi bai san tarihi ba, ka je fada. Ka ce, "Baba, da wace sana'a ka fara riƙe kuɗinka?" Ka ce, "Iya, wa ya yi miki lalle, kuma me aka jera miki a ɗaki?" In ya kauce ya shiga wani zance, bar shi, sau da yawa can ne naman yake. Ku 'yan mata, babban rabon aikin nan a hannunku yake. Ku kuke shiga har ƙuryar ɗaki inda namiji ba ya shiga, ku ake buɗe wa akwati, ku ake faɗa wa abin da ba a faɗa a zaure. Ƙungiyar da ta tashi ba ku a ciki rabin tarihi za ta tara.

Akwai abin da za ku ji wanda ba na bango ba ne. Maganar asali, wane bawan gidan wane ne, rigimar gado, auren da ya mutu da tsiya. Wanda ya ce a rufe, a rufe. Wanda zai kunyata zuriyar wani, ko da mai faɗa bai ce a rufe ba, ku yi shawara da manya kafin ya fita. Gidan tarihin unguwa a cikin unguwa yake zaune, da jikokin waɗanda ake ba da labarinsu za ku haɗu a masallaci da asuba.

In mutane suka ga da gaske kuke, kaya za su zo da kansu, kuma za ku sha mamakin abin da Zariya ta bari a gidajen talakawa. Nan ne garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, nan aka riƙa buga ƙananan littattafan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Akwai gidajen da tsofaffin kwafe suke kwance a ƙasan adaka. Layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, kuma ƙaramin jirgin da ke tashi daga nan zuwa Jos sai a 1957 aka daina aiki da shi. Iyalan ma'aikatan reluwe na iya fito muku da fitilar hannu ko hula ko katin aiki. Ga na masu auduga da na kamfanin taba, ga na leburori da masinjoji da direbobin Jami'ar Ahmadu Bello tun buɗe ta a 1962. Ga takardar haraji, ga anini da kwabo mai huji. Kuɗi ma kan taimaka wajen gane shekaru: duk rasiɗin da kuka gani da fam da sule, kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta shigo.

Kowane abu ya shigo, a rubuta shi a babban littafi kafin a ajiye. Lamba, sunan abin kamar yadda mai shi yake kiransa, na wa ne, wa ya kawo, a ina aka yi shi ko aka saye shi, me ake yi da shi, kyauta ce ko aro. A ɗauki hotonsa, a ba mai shi takarda da sa hannun shaidu biyu. Wannan littafi shi ne gidan tarihin, ɗakin wurin ajiya ne kawai. Tasa ba labari tasa ce, akwai irinta a kasuwa. Tasar da aka rubuta cewa da ita aka kai wa wance gara a shekarar da aka yi kaza, kuma a hannun maƙerin wuri kaza aka saya, ita ce yaro zai tsaya a gabanta ya yi tambaya.

Abokan gabanku huɗu ne a ƙasarmu, gara da ɗanshin damina da ƙurar hunturu da ɓera, sai na biyar, hannun mai son gyara. Kada komai ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango, a ɗora kan kanta ko tebur mai ƙafar ƙarfe. Takarda da hoto da tufa ba sa son hasken rana kai tsaye. Kada ku liƙe tsohuwar takarda da salatif, kada ku kai ta a manne ta cikin leda da zafi, don ba ta sake fita. Kada ku goge tagulla da toka da lemon tsami har ta yi ƙyalli, kada ku yi wa tsohuwar ƙofa fenti. Littafin hannu na ajami ko Larabci da ganyensa ke warwatse, kada ku jera shi yadda kuka ga dama, ku bar shi yadda kuka same shi cikin gafakarsa, ku ɗauki hoton kowane shafi bi da bi. Kuna da gatan da unguwanni da yawa ba su da shi: Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, na kusa. Sashen Tarihi na jami'ar yana da ma'ajiyar rubuce-rubucen hannu da aka daɗe ana tarawa, akwai sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, akwai sashen zane-zane. Ku rubuta wasiƙa cikin ladabi, ku je da littafinku a hannu. Malami ya fi sauraron wanda ya riga ya fara aiki.

Bango ɗaya kuma ku bar wa fasaha. Zariya ta yi suna da adon fuskar gida, musamman a Tudun Wada, inda magina suka riƙa fitar da dagi da takobi da agogo da keke, har da mota da jirgin sama, a jikin soro. Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan waɗannan gidaje a 1963. Da yawansu yanzu an shafe su da siminti ko an rushe. Wanda ya rage, ko a ina yake, ku je ku nemi izinin mai gida ku ɗauki hotonsa yau, ku tambayi sunan maginin. Ku nemo rigar aska takwas ta ɗinkin hannu, ku rataya ta kusa da takardar da mai zane ya fitar da fasalin aikin, domin yaro ya ga cewa kafin allura akwai alƙalami. Ku nemo allon zayyana, da faifan da aka yi wa ado, da ƙwaryar da aka sassaƙa. A garin nan ne kuma, a 1958, ɗaliban kwalejin da ta zama jami'a daga baya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Hujjarsu ita ce, mai zanen Najeriya ya koyi dabarun waje amma ya ɗebo daga abin gidansu. Sun zama manya a duniyar zane. Yarinyar da ke zana lalle a Hanwa, da saurayin da ke fentin allunan shaguna da jikin manyan motoci, su ma ku ba su wuri a bangon, a riƙa sauya aikinsu lokaci-lokaci. Shi ne zai sa wanda ya taɓa zuwa ya sake dawowa.

Wani zai ce muku ajiyar kayan da bautar gumaka ce, ko raya al'adun jahiliyya. Kada ku yi masa tsawa, damuwarsa ta addini ce kuma tana da daraja. Ku kai shi ya gani: allo ne da tawada, garma ce, sirdi ne, littafin kakansa ne. Ku sa limaman unguwa cikin shawara tun farko. In wani abu ya zo da ake taƙaddama a kansa, kamar kayan bori ko laya, ba dole ne ya hau kanta ba. A rubuta shi a littafi, a ajiye shi a akwati don masu bincike. Ku tuna kuma Hanwa ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Aikin jirgin ƙasa da makarantu da asibitoci da barikoki sun kawo mutane Zariya daga ko'ina a ƙasar nan, wasu nan aka haife su, nan suka binne iyayensu. Hoton bikin maƙwabcinku Bayarabe ko Inyamuri ko mutumin kudancin Kaduna, Musulmi ne ko Kirista, tarihin Hanwa ne. Ɗakin da ya bar su a waje ya faɗi ƙarya a kan unguwar.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi kashe irin wannan aiki. Ranar da aka ji kuna da tsofaffin kaya, dillalai za su zo. Za su yi tayin da zai girgiza saurayin da ba shi da aikin yi, kuma ba na raina wannan jarrabawa, na san halin da ake ciki. Amma abin da aka ba ku amana ne, ba naku ba ne balle ku sayar. Abu guda ya ɓace, ba tsohuwar da za ta sake buɗe muku akwati, kuma labari zai riga ku shiga kowane gida. Ban da haka, dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. In ɗan siyasa ya ba da gudummawa, ku karɓa ku gode, ku rubuta a littafin kuɗi, amma kada hotonsa ya hau ƙofa, kada ɗakin ya zama ofishin jam'iyya, don ranar da ya faɗi da shi za ku faɗi. Karo-karon ɗari biyu-biyu da kowa ya san inda ta shiga ya fi muku albarka.

Ku je wurin mai unguwa kafin kowa, ku nemi dattawa uku ko huɗu, mace a cikinsu, su zama iyayen aikin. Ƙofa ta zama mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun matasa, ɗaya a hannun dattijo. Littafin rajista a yi masa kwafi a ajiye a wani gida dabam, muryoyin da kuka ɗauka kuma kada su kwana a waya ɗaya tak, domin waya takan faɗa ruwa, akan kuma sace ta. Ba sai kun buɗe kullum ba. Yammacin Asabar da Lahadi sun isa, sai rana ɗaya a mako da za a kawo 'yan firamare da 'yan Islamiyya aji-aji, a zaunar da wani tsoho ko tsohuwa a kan tabarma, a ɗauko abu guda daga kanta, mai shi ya yi bayaninsa da bakinsa, ɗaya daga cikinku yana gefe yana ɗaukar murya.